Kiɗa Babu Taro: Makaɗan Baƙi da Rayuwar Yau da Kullum a Birnin Niyok Lokacin Annobar Korona

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da makaɗa da mawaƙan gargajiya na al'ummomin baƙi suka shiga a birnin Niyok na ƙasar Amurka daga watan Maris na 2020 zuwa tsakiyar 2021, lokacin da annobar korona ta hana taruwar jama'a. An fi mayar da hankali kan makaɗan jali na Afirka ta Yamma mazauna Harlem da Bronx, tare da waiwayar makaɗan mariyaci na mutanen Meziko. Maƙalar ta nuna cewa irin wannan kiɗa ya rataya ne a kan biki da ambaton suna da kyautar da ake yi a bainar jama'a. Saboda haka hana taro ya fi yi masa illa fiye da yadda ya yi wa kiɗan dandamali, kuma intanet da tallafin gwamnati duka sun fi dacewa da kiɗan dandamalin. An yi amfani da abin da manazarta suka faɗa game da roƙo a ƙasar Hausa wajen fahimtar lamarin.

1.0 Gabatarwa

A ranar 12 ga Maris, 2020 aka rufe manyan gidajen wasan kwaikwayo na Broadway, kafin gari ya waye kuwa labari ya zaga duniya. Rufewar ƙananan zaurukan biki na unguwar Bronx, inda mutanen Gambiya da Gini da Mali da Gana ke yin suna da aure a kowane ƙarshen mako, ba ta samu irin wannan shela ba. Amma a waɗannan zauruka ne wani babban ɓangare na kiɗan birnin yake zaune. Ƙidayar 2020 ta nuna Niyok na da mutum wajen miliyan 8.8, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu a wajen Amurka aka haife su. Masu nazarin harsuna sun lissafa harsuna fiye da 700 da ake magana da su a gundumomin birnin guda biyar. Kusan kowace al'umma daga cikin waɗannan ta zo da makaɗanta, ko kuma ta aika aka kawo mata su bayan ta zauna da gindinta.

A wannan maƙala, kalmar "baƙi" na nufin mutanen da suka bar ƙasashensu suka zauna a birnin, da masu takardun zama da marasa su. Tambayar da aka sa gaba ita ce: me ke samun kiɗan da aka gina a kan taro idan aka wayi gari taron kansa ya zama abin tsoro?

2.0 Wane Irin Kiɗa Ake Magana a Kai?

Masanin kiɗan al'umma Thomas Turino, a littafinsa Music as Social Life na 2008, ya bambanta nau'i biyu na kiɗan da ake yi ido da ido. Akwai wanda za a iya kira kiɗan tarayya, inda babu ɗan kallo, kowa na da rabo a tafi ko rawa ko amshi. Akwai kuma kiɗan nuni, inda gwani ke kan dandamali, jama'a na zaune suna saurare, galibi bayan sun sayi tikiti. Wannan rabe-rabe ya yi amfani ƙwarai, sai dai duk wanda ya taɓa zama a gidan biki a Kano ko Damagaram zai ga akwai abin da ya faɗo a tsakani. Makaɗin biki gwani ne, ba kowa ke taɓa kalangunsa ba, amma kuma jama'ar da ke gabansa ba 'yan kallo ba ne kurum. Yana kiran sunan mutum, ya ambaci ubansa da kakansa, wanda aka kira kuwa tilas ya miƙe ya amsa, amsar kuma kuɗi ce ko riga ko wani abin da jama'a za su gani.

Tun a 1957 M. G. Smith ya bayyana, a maƙalarsa kan roƙo a ƙasar Hausa da ta fito a mujallar Africa, cewa maroƙi yana shelanta matsayin mutum ne, shi kuma wanda aka wasa yana tabbatar da matsayin da kyautarsa. Haka ma rabe-raben da manazarta waƙar baka irin su Sa'idu Muhammad Gusau suka yi wa makaɗan Hausa, zuwa na fada da na sana'a da na jama'a, ya ginu ne a kan wanda ake yi wa kiɗan da kuma muhallin da ake yin sa. A nan za a kira wannan nau'i na uku kiɗan ambato. Rukunansa su ne mai kiɗa da wanda aka ambata da kuma shaidu. Idan aka cire shaidu, sauran biyun ba su da abin yi da juna, domin yabon da babu wanda ya ji da kyautar da babu wanda ya gani ba su ɗaga darajar kowa.

3.0 Jali a Harlem da Bronx

Mutanen Afirka ta Yamma sun soma cika Harlem ne daga shekarun 1980. 'Yan Senegal suka yi yawa a titi na 116 har aka riƙa kiran wurin Ƙaramar Senegal. Paul Stoller, a littafinsa Money Has No Smell na 2002, ya ba da labarin 'yan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, waɗanda suka baza kaya a bakin titi na 125 kafin hukumar birni ta tashe su a 1994 ta mayar da su kasuwar Malcolm Shabazz. Daga baya tsadar haya ta tura iyalai da yawa zuwa Bronx, inda yau ake samun masallatan Gambiyawa da na mutanen Gini da na Hausawan zango na Gana. Maza na tuƙin tasi da kai saƙo da gadi, mata na kitso da kula da tsofaffi a gidajensu.

A cikin al'ummomin Mande, wato Mandinka da Maninka da Bambara da danginsu, kiɗa da yabo gadon gida ne. Jali, ko jeli, yana fitowa ne daga zuriyoyi sanannu kamar Kuyate da Jabate da Suso da Sisoko, kuma tarihin baka yana danganta asalin sana'ar da Balla Faseke Kuyate, jalin Sarki Sunjata na daular Mali a ƙarni na 13. Kayan kiɗansu sun haɗa da kora mai tsirkiya 21 da ake ɗaura wa rabin ƙwarya babba, da bala ta katako, da ngoni wadda Bahaushe zai gane nan take a matsayin 'yar'uwar molo, da tama 'yar'uwar kalangu. Mai riƙe da lasifika a wajen biki kuwa sau da yawa mace ce, jalimuso. Mutumin da jali ke yi wa hidima ana kiransa jatigi, kalmar da ke ɗauke da ma'anar mai masauki da kuma ubangida. Aikin jali bai tsaya ga waƙa ba. Shi ne ɗan aike wajen neman aure, shi ke sulhunta masu rikici, shi ke faɗa wa jama'a da babbar murya abin da mai gida ya faɗa a hankali.

Niyok ta samu manyan gwanaye na wannan sana'a. Akwai Alhaji Papa Susso da Salieu Suso, makaɗan kora daga Gambiya, da Yacouba Sissoko da mawaƙi Abdoulaye Diabaté daga Mali, da Famoro Dioubaté makaɗin bala daga Gini. Akwai kuma Sidiki Conde, makaɗi kuma marayi daga Gini wanda ya rasa amfanin ƙafafunsa yana ɗan shekara 14, ya koyi rawa da hannuwansa, har gwamnatin Amurka ta ba shi babbar lambar girmamawa ta masu fasahar gargajiya a 2007.

Abin lura shi ne yadda irin waɗannan makaɗa ke haɗa abincinsu. Bikin al'umma shi ne ginshiƙi. Ana kama hayar zaure, ba a cika soma sha'ani ba sai dare ya raba, bayan an rufe shagunan kitso kuma direbobi sun ajiye motoci. Jalimuso ta kira sunan wata, ta jero kakanninta, ita kuwa ta taso cikin ado da ƙawayenta a baya, tana zare dala ɗai-ɗai tana miƙawa. Ban da biki, akwai koyarwa a makarantun gwamnati da kaɗa ganga a azuzuwan koyon rawar Afirka, inda mafi yawan ɗalibai Amurkawa ne. Sai kuma wasa a gidajen cin abinci da bukukuwan al'adu da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda hukumar sufuri ke da shiri na musamman na makaɗa tun shekarun 1980. Wanda duk wannan bai ishe shi ba ya haɗa da tasi.

Cikin kwana goma aka toshe dukkan waɗannan hanyoyi. Ranar 12 ga Maris aka hana taron da ya wuce mutum 500. Ranar 16 ga wata makarantu suka rufe, aka kuma hana zama a gidajen cin abinci da mashaya. Ranar 22 ga wata dokar Gwamna Andrew Cuomo ta fara aiki, wadda ta hana duk wani taron da ba na dole ba, komai ƙanƙantarsa. Tasi ma ta rasa fasinja, har hukumar birni ta ɗauki direbobi aikin raba abinci ga waɗanda ba su iya fita.

4.0 Watannin Jiniya

Cutar ba ta raba kanta daidai a birnin ba. Asibitin Elmhurst da ke gundumar Queens, a tsakiyar unguwannin mutanen Ekwado da Meziko da Bangaladash da Nepal, shi aka fara kira cibiyar annobar, bayan mutum 13 sun mutu a cikinsa cikin awa 24 a ƙarshen Maris. Ɗaya daga cikin unguwannin da ke maƙwabtaka da shi sunanta Corona tun fiye da ƙarni guda kafin a san cutar, kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gundumar Bronx ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'arta, kusan ninki biyu na Manhattan a watannin farko. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: iyalai da yawa a ɗakuna kaɗan, da ayyukan da ba a iya yi daga gida. Masu kai abinci a keke da masu shara a asibiti da masu kula da tsofaffi sun ci gaba da shiga jirgin ƙasa kullum. Kafin ƙarshen Mayu, waɗanda cutar ta kashe ko ake kyautata zaton ita ta kashe su a birnin sun haura dubu 20. Daga 6 ga Mayu aka riƙa tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar na asuba don feshin magani, a birnin da ke alfahari da cewa jirginsa ba ya barci.

Sautin gari ya sauya. Jiniyar motocin asibiti ta maye gurbin hayaniyar titi. Sai da ƙarfe bakwai na yamma ne mutane ke buɗe tagogi su yi tafi, su buga tukwane da cokula don jinjina wa ma'aikatan lafiya. Mutanen Latin Amurka sun san bugun tukunya tun a gida, domin da shi suke zanga-zanga, Bahaushe kuwa zai tuna da kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida, inda kayan girki ke zama kayan kiɗa. A ma'aunin Turino, wannan kiɗan tarayya ne tsantsa, kuma na 'yan mintuna a kullum dukkan birnin ya ɗanɗana abin da baƙi suka saba da shi a zaurukansu. Waɗanda ake yi wa tafin ma da yawansu baƙi ne daga Filifin da tsibiran Karibiyan da Afirka.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin mawaƙa shi ne, waƙar kanta ta zama abin zargi. A ranar 10 ga Maris, 2020 mutum 61 suka hallara don gwajin waƙar rukuni a yankin Skagit na jihar Washington. Fiye da 50 suka kamu, biyu suka mutu. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kan wannan lamari ya zama hujjar cewa ɗaga murya a rufaffen ɗaki yana watsa ƙwayar cutar nesa. Tun daga nan dokoki suka riƙa ware mai waƙa da mai busa a matsayin masu haɗari na musamman.

Jana'iza ce ta fi nuna girman asarar. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya na mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe suna tara kuɗi don mayar da gawa gida. Da jirage suka tsaya, sai binnewa a maƙabartun musulmi na jihar New Jersey da wajen gari, da mutane ƙalilan, zaman makoki kuma ya koma waya. Azumin 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu masallatai na rufe, aka yi ƙaramar salla ranar 24 ga Mayu a cikin ɗakuna. Mutanen Meziko, waɗanda akasarinsu a Niyok daga jihar Puebla suke, su ma al'adarsu ce a kai mamaci garinsu. Da yawa sun amince da ƙona gawa ba da son ransu ba, kuma a watan Yuli aka yi addu'a a babbar majami'ar Katolika ta Waliyyi Patrick kan tokar mutum kusan 250 kafin a ɗauke ta a jirgi zuwa Meziko.

A nan ne makaɗan mariyaci suka ɗan bambanta da makaɗan jali. Rukunin mariyaci, da gogensu na Turawa da begila da jita manya da ƙanana, suna cin abinci ne a bikin aure da baftisma da bikin cikar yarinya shekara 15 da ranar uwa, wadda mutanen Meziko ke yi ranar 10 ga Mayu. Amma al'adarsu ta daɗe da sanin kiɗan ƙofar gida, inda ake tsayawa a titi a yi wa na cikin ɗaki waƙa ta taga, ta kuma san kiɗan bakin kabari. Waɗannan biyu ana iya yin su a sarari da tazara. Saboda haka mariyaci ya samu 'yar ƙofar da zai bi, ko da yake aikin makoki ya rinjayi na murna. Jali ba shi da irin wannan ƙofa, domin yabonsa yana bukatar mutum ya taso ya ratsa taro.

5.0 Abin da Intanet Ta Iya da Abin da Ta Kasa

Baƙi ba su jira annoba ba kafin su koyi yin biki daga nesa. Tun shekarun 1980 'yan ci-ranin Afirka ta Yamma ke aika saƙon murya a kaset, daga baya aka koma aika bidiyon suna da aure gida, sannan WhatsApp ta zo ta haɗiye duka. Saboda haka komawa waya bai zo musu da baƙunta ba. Matsalar tana wani wuri daban.

Ta farko matsalar lokaci ce. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, don haka makaɗa biyu da ke da tazarar mita goma suna jin juna da jinkirin kusan kashi 30 cikin 1000 na sakan. Wannan ne kusan iyakar abin da kunnen makaɗi ke jurewa kafin kiɗa ya soma ja da baya. Jinkirin manhajar Zoom da ire-irenta yakan ninka haka sau da yawa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ga masu hira wannan ba komai ba ne. Ga jagora da 'yan amshi kuwa, ko makaɗin bala da na kora da ke saƙa kiɗansu cikin na juna, ya rushe komai. Bugu da ƙari, an ƙera manhajar ne don maganar ofis, tana ɗaukar dogon sauti a matsayin hayaniya ta danne shi, tana kuma fifita murya ɗaya a lokaci guda. Sai a watan Satumba na 2020 kamfanin ya ƙara wani tsari na musamman don kiɗa, wanda ya gyara ingancin sauti amma bai taɓa jinkirin ba. Sakamakon haka kiɗan rukuni ya koma kiɗan mutum ɗaya, ko na 'yan gida ɗaya. Makaɗin kora zai iya zama a falonsa ya kaɗa shi kaɗai, ya yi daɗi. Makaɗan sabar na Senegal, ko rukunin gangar ƙarfe na mutanen Tirinidad a Brooklyn, wanda ke haɗa mutane da dama kuma bikinsu na farkon Satumba bai yiwu a titi ba a 2020, ba su da wannan dama.

Ta biyu ita ce matsalar shaidu. Makaɗa da yawa sun koma wasa kai tsaye a Facebook da Instagram, suna liƙa sunan asusunsu na Cash App ko Venmo ko Zelle a jikin allo. Ana iya karanta sunan mai kallo a ambace shi, shi kuma ya turo kuɗi. A zahiri rukunan ambato sun cika. Amma kuɗin da aka tura ta waya a ɓoye yake tafiya. Babu wanda ya ga kaurin damin, babu wanda ya ga adon mai bayarwa ko yawan ƙawayen da suka rako ta, babu kishiyar da za ta ji haushi ta tashi ta ninka. Gasar da ke sa liƙi ya yi armashi ta dogara da ido. Sai dai mawaƙi ya tsaya ya shelanta abin da ya shigo, wato ya zama sanƙiran kansa, abin da ke rage wa waƙa kwarjini. A ganina wannan ne ainihin raunin da kiɗan ambato ya ji, ya kuma fi raunin ingancin sauti zurfi nesa ba kusa ba.

Cibiyoyin al'adu sun yi nasu ƙoƙarin. Cibiyar nan ta kiɗa da rawar gargajiya, Center for Traditional Music and Dance, wadda ta samo asali a 1968 kuma ta daɗe tana aiki da makaɗan baƙi, ta fito da shirin bidiyo mai suna Beat of the Boroughs a ƙarshen 2020, inda gwanaye daga al'ummomi daban-daban suka yi wasa suka kuma ba da labarin rayuwarsu a lokacin annobar. Irin wannan shiri ya kai kuɗi hannun mabukata, ya kuma gabatar da su ga masu sauraro sababbi. Sai dai tsarinsa na kiɗan nuni ne. Jali yana fuskantar kyamara yana bayyana wa wanda bai san Mande ba mece ce kora, maimakon ya fuskanci jatiginsa ya tuna masa ko shi ɗan wane ne.

6.0 Tallafi da Takarda

Tallafin gwamnati ya bi wannan layi ɗaya. Dokar agaji ta Maris 2020 ta ba akasarin baligai dala 1,200, amma sai mai lambar shaidar aiki ta gwamnatin tarayya. An faɗaɗa kuɗin rashin aiki ya haɗa da masu zaman kansu, wanda ya taimaki makaɗa da yawa, amma da sharaɗin izinin aiki da shaidar abin da mutum ke samu. Asusun ceto gidajen wasa, na fiye da dala biliyan 16, ya tanadi cewa wurin ya kasance yana da dandamali da kayan sauti da fitilu, yana sayar da tikiti, yana tallata wasanninsa. Kowane sharaɗi daga cikin waɗannan siffar kiɗan nuni ce. Kuɗin da aka liƙa wa jalimuso da ƙarfe uku na dare ba shi da rasit, babu kwantiragi tsakaninta da mai jego, kuma sunan da ba a yi ba bai bar wata takardar sokewa da za a nuna wa ma'aikaci ba.

Sai a watan Afrilu na 2021, bayan wasu ma'aikata baƙi sun yi yajin cin abinci na kwana 23, jihar Niyok ta ware dala biliyan 2.1 don waɗanda aka tsallake. Mai cikakkiyar shaida yana iya samun dala 15,600, mai ƙarancinta kuma 3,200. An buɗe neman a watan Agusta, cikin 'yan watanni kuɗin ya ƙare. Hukumar birni ma ta ware dala miliyan 25 a watan Mayu na 2021 don masu fasaha, inda aka riƙa ba mutum dala 5,000 ya shirya wasa kyauta ga jama'a. Kafin waɗannan su iso an shafe fiye da shekara, kuma abin da ya riƙe mutane a tsakani shi ne adashi da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da rabon abinci a masallatai da majami'u, wato dai hanyoyin da biki ke ƙarfafawa a lokacin lafiya.

7.0 Ƙafa Goma Sha Biyu

Kiɗa ya fara dawowa ne ta waje. Da bazarar 2020 aka ba gidajen cin abinci izinin jera tebura a bakin titi, lambunan shaƙatawa kuma suka cika. Wuraren da aka daɗe ana haɗuwar ganga, kamar dandalin makaɗa na lambun Prospect a Brooklyn da lambun Marcus Garvey a Harlem, sun dace da sabon yanayi ba tare da wani gyara ba. Amma hukumar lasisin giya ta jihar ta ƙayyade a watan Agusta cewa kiɗan rakiya kawai aka yarda da shi a gidan cin abinci, ban da wanda aka tallata ko aka sayar wa tikiti.

Ranar 14 ga Disamba, 2020 aka yi allurar rigakafi ta farko a wani asibiti a Queens, wadda aka yi wa kuwa ma'aikaciyar jinya ce haifaffiyar Jamaika, Sandra Lindsay. Daga 15 ga Maris, 2021 aka yarda a yi bikin aure na mutum 150, bisa sharaɗin gwaji. Ƙa'idojin da suka zo da wannan izini sun cancanci manazarcin kiɗa ya karanta su da kyau. An yarda a yi rawa, amma kowane iyali a cikin filin da aka shata masa, wanda bai gaza ƙafa shida a tsaye da shida a kwance ba, da tazarar ƙafa shida tsakaninsa da na kusa. Mawaƙin da ba ya sanye da takunkumi da mai busa kuma dole su nisanci jama'a da ƙafa 12, wato kusan mita huɗu, ko a sa shamaki a tsakani. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida yana da hoton biki a ransa: makaɗa a can gefe, baƙi a tebura. A zauren Bronx kuwa wannan tazara ita ce ainihin filin da sha'ani ke gudana, nan mai bayarwa ke ratsawa, nan jalimuso ke tarbar ta, ta kama hannunta ta ɗaga. An halatta taro, an bar abin da ake taruwa dominsa a haramce. Sai ranar 15 ga Yuni, 2021, bayan kashi 70 cikin 100 na baligan jihar sun karɓi allura aƙalla ɗaya, aka ɗage akasarin dokokin. A watan ne kuma shirin makaɗan tashoshin jirgi ya dawo, manyan wasannin Broadway suka biyo baya a Satumba.

Abin da wannan zamani ya bari a rumbun ajiya shi ma ya karkata gefe guda. Bidiyoyin da cibiyoyi suka ɗauka suna nan a YouTube da sunayen masu su da fassarar Ingilishi, kuma su ne manazarcin gobe zai fara cin karo da su. Yabon da jali ya rera wa jaririn da aka raɗa wa suna a ɗaki mai mutum biyar, ya tura ta WhatsApp zuwa Banjul ko Kankan, yana cikin wayoyin iyalai ne, yana kuma ɓacewa duk lokacin da aka sauya waya ko aka share saƙonni don samun wuri. A cikin waɗannan saƙonni ne ake jin sunayen waɗanda aka binne a New Jersey an shigar da su cikin jerin kakanni.